ƘWALLON KWANDO DA NEMAN ILIMI: Tsanin da yaro zai hau kafin ya kai jami'ar Amurka

A ƙasar Dakoro babu wanda za a koya wa yadda ake zaɓen ɗan kokowa. Idan an kau da amfanin gona, samari kan kama juna a dandalin ƙauye. Wanda ya ka da sa'o'insa a kai shi babban gari, wanda ya yi fice a gunduma a kai shi Maraɗi, a can ne kuma ake tace mutum goma waɗanda za su tsaya wa jaha a gaban ƴan kokowar sauran jahohi. Tun 1975, shekarar da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa, jama'a suka saba da wannan tsari na hawa daki-daki. Ba a ɗauko yaro daga dandalin ƙauye a tsayar da shi gaban takobi rana ɗaya.

Wasan ƙwallon kwando ma yana da tsaninsa, sai dai ƙarshen tsanin yana hayin teku. A yau samarin Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle suna kallon manyan ƴan wasan Amurka cikin wayar salula, suna jin cewa wane ɗan Kamaru ne, wane ɗan Sanagal ne, wane kuwa a Zariya ya tashi. Yaron da Allah ya ba tsawo yakan ji abokai suna ce masa arzikinsa na can ƙasar waje. Wani lokaci ma saƙo ne zai shigo ta waya daga mutumin da ba a sani ba, yana alkawarin makaranta kyauta a Amurka in an biya kuɗin takardu. Saboda haka ya kamata iyaye da malaman lakwal da ma'aikatan hukuma su san yadda wannan tsani yake, musamman matakinsa na tsakiya wanda mutane da yawa ba su da labarinsa, watau ƙaramar kwaleji mai karatun shekara biyu.

Asalin wasan da tsarin makarantun

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙago ƙwallon kwando a 1891 a garin Springfield na Amurka, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi. Mutum biyar ke bugawa a kowane ɓangare. Tsawon filin mita 28 ne, faɗinsa mita 15, kwandon kuwa yana rataye bisa tsayin mita 3,05. Tun da a makaranta aka haifi wasan, a makaranta ya yi girma. A ƙasashen Turai da na Afirka kulob ne ke rainon ɗan wasa, amma a Amurka makaranta ce ke yin wannan aiki, daga lise har jami'a.

Manyan jami'o'in suna ƙarƙashin wata hukuma da ake kira NCAA. Rukuninta na ɗaya yana da jami'o'i fiye da 350, kuma gasar da suke yi cikin watan Maris kowace shekara tana kawo kuɗi mai yawan gaske ta hanyar telebijin. Daga cikin waɗannan jami'o'i ne babbar gasar ƙwararru ta NBA ke ɗibar mafi yawan sababbin ƴan wasanta. Jami'a kan ɗauke wa ɗan wasa kuɗin karatu da na kwana da na abinci da littattafai, shi kuma ya buga mata ƙwallo yana karatu. Shekaru da yawa doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar maza irin wannan tallafi na mutum 13, ta mata kuwa 15.

A ƙarƙashin jami'o'in akwai ƙananan kwalejoji na shekara biyu, waɗanda galibi hukumomin jiha ko na gunduma suka gina domin ƴaƴan talakawa da ma'aikata. Ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya gama lise, kuɗinsu kuma bai kai na jami'a ba. Ƙungiyar wasanninsu, NJCAA, an kafa ta a 1938, tana da makarantu kimanin 500. Ita ma ta kasu rukuni uku, kuma bambancin yana da muhimmanci ga uban da zai tura ɗansa. Rukuni na ɗaya yana iya biyan karatu da kwana da abinci. Na biyu yana iya biyan karatu da littattafai kawai, kwana da ci suna wuyan ɗalibi. Na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan.

Abin da ke kai yaro ƙaramar kwaleji

Dalilai uku ne suka fi kai ɗan wasa wannan mataki. Na farko shi ne rashin cika sharuɗɗan karatu. Hukumar NCAA tana duba darussan da yaro ya yi a lise da makin da ya samu, in ba su cika ba, ba zai buga wa babbar jami'a a shekararsa ta farko ba, ko da ya fi kowa iya wasa. Na biyu shi ne jikin da bai gama nuna ba. Akwai yaron da tsawonsa ya riga ƙarfinsa zuwa, yana bukatar shekara biyu na horo da cin abinci mai gina jiki kafin ya iya karawa da manya. Na uku shi ne rashin wanda ya gan shi, domin ya fito daga ƙaramin gari ko daga wata ƙasa inda masu neman ƴan wasa ba sa zuwa. Yaron Afirka sau da yawa yakan haɗa dukan ukun, ga kuma matsalar harshen Ingilishi a kai.

Tarihin wasan cike yake da waɗanda suka bi ta wannan hanya suka kai ƙololuwa. Bob McAdoo ya fara daga kwalejin Vincennes kafin jami'ar North Carolina ta ɗauke shi. Larry Johnson ya yi shekara biyu a kwalejin Odessa ta jihar Texas, ya koma jami'ar Nevada ta Las Vegas, suka ci kofin ƙasa a 1990, aka kuma ɗauke shi na farko a zaɓen NBA na 1991. Jimmy Butler, wanda manyan jami'o'i ba su kula da shi ba sa'ad da ya gama lise, ya yi shekara ɗaya a kwalejin Tyler kafin jami'ar Marquette ta kira shi.

Abin da mai horarwa yake nema

Mai horar da ƙungiyar jami'a yana da lissafinsa. Kowace shekara wasu ƴan wasansa kan gama karatu, wasu kan koma wata makaranta, wani kuma ya ji rauni. Idan ya ɗauko yaro ɗan shekara 18 daga lise, sai ya yi haƙurin rainonsa shekara ɗaya ko biyu kafin ya ci moriyarsa. Idan kuwa ya ɗauko ɗan shekara 20 daga ƙaramar kwaleji, ya sami wanda ya riga ya buga wasanni hamsin ko sittin da manya, ya saba da zama nesa da gida, ya kuma nuna zai iya haɗa aji da fili. Makiyayin Tarka ya san wannan lissafi sarai: ɗan maraƙi yana da araha kuma zai daɗe a garke, amma wanda damina ta matsa wa, san da ya riga ya saba da garma yake saye. Hasarar mai horarwa ita ce ɗan ƙaramar kwaleji ba ya daɗewa, domin ƙa'idar da NCAA ta daɗe tana bi ita ce ɗan wasa yana da kakar wasa huɗu cikin shekara biyar, kuma shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji suna cikin lissafi.

Neman yakan fara da hotunan bidiyo. Mataimakan mai horarwa su zauna su kalli wasa cikakke daga farko har ƙarshe, domin guntayen hotunan da aka tsinto inda yaro ya yi bajinta ba sa nuna yadda yake tsaron gida, ko yadda yake yi in an ci ƙungiyarsa. Su auna tsayinsa da tsawon hannuwansa da saurin ƙafarsa. Daga nan su buga waya ga mai horar da shi su tambayi halinsa: yana zuwa horo kan lokaci, yana jin magana, yana zaune lafiya da abokan wasansa? Sa'an nan su nemi takardar makinsa su miƙa wa ofishin jami'a mai duba ko darussan da ya yi za su karɓu. Yaro da yawa a wannan ofishi tafiyarsu ke tsayawa.

Babbar kasuwar wannan sha'ani tana ci ne a garin Hutchinson na jihar Kansas, inda ake yin gasar ƙarshe ta ƙananan kwalejoji tun 1949. Cikin watan Maris ƙungiyoyi 24 kan taru a can na kusan mako guda, masu horarwa daga jami'o'i kuma su cika kujeru da littattafan rubutu a hannu. Wanda ya burge su a gayyace shi ya ziyarci jami'a, a nuna masa ajujuwa da ɗakin kwana da filin wasa, in an daidaita ya sa hannu a takardar tallafi.

Sharuɗɗan karatun ba wasa ba ne. Daga 2012 hukumar NCAA ta ɗaga matsakaicin makin da ake bukata ga mai fitowa daga ƙaramar kwaleji zuwa rukuni na ɗaya, daga 2 zuwa 2,5 bisa 4. Wanda bai cika sharuɗɗa ba tun daga lise, an ɗora masa ya kammala karatun shekara biyun ya karɓi takardar shaida, kuma cikin darussansa a sami Ingilishi da lissafi da kimiyya. Waɗannan dokoki ana taɓa su kusan kowace shekara, don haka wanda abin ya shafa sai ya nemi na shekarar da yake ciki.

Yaron Zariya

Matafiyin da ya tashi daga Dakoro ya yi kilomita wajen 120 zuwa Maraɗi, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina da Funtuwa, zai sauka Zariya. A wannan birni ne wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello, har filin jami'ar ya zama makaranta ga yaran gari. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Nijeriya yana ƙarami, ya tashi a Zariya. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar sauran yara, sai da ya kai wajen shekara 13 ya koma wa kwando.

Ujiri ya tafi Amurka ya yi lise a birnin Seattle. Babbar jami'a ba ta ɗauke shi ba, sai ya shiga kwalejin Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, wadda a lokacin ta shekara biyu ce, a wata ƙasa mai ƙanƙara da sanyin da ya ninka hunturun Azbin. Ya yi shekara biyu a can tare da wani ɗan ƙasarsu, Godwin Owinje. Da suka gama, hanya ta rabu. Owinje ya sami shiga jami'ar Georgetown ta birnin Washington, a hannun John Thompson, mai horarwar da ya raini Dikembe Mutombo ɗan Kwango. Ujiri kuwa ya koma wata ƙaramar jami'a a garin Billings na jihar Montana, bai daɗe ba ya bar ta, ya tafi Turai ya yi shekara shida yana buga wa ƙananan kulob.

Da a ce wasa kaɗai ya dogara da shi, da labarinsa ya ƙare nan, domin bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Abin da ya tsira da shi daga tafiyar shi ne harshe da sanin mutane da idon gane ɗan wasa. A 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando aikin neman ƴan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiyarsa da kansa. Ƙungiyar Denver ta ɗauke shi aiki, ya yi ta hawa har ya zama babban manajanta a 2010. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara, ya kuma koma Toronto ta ƙasar Kanada, inda ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofin NBA a 2019. Cikin ƴan wasan da suka ci kofin akwai Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda Toronto ta zaɓa na 27 a 2016. Ujiri ya bar Toronto a 2025.

Shi da Owinje ne suka kafa ƙungiyar Giants of Africa a 2003, wadda ke shirya sansanonin horo ga samari da ƴan mata a ƙasashen Afirka, a 2021 kuma ta ɗauki alkawarin gina filayen wasa ɗari a nahiyar. Mutum biyu ke nan da suka hau mataki ɗaya na tsanin, ɗaya ya kai babbar jami'a ɗaya bai kai ba, babu kuma wanda ya zama tauraron NBA a cikinsu, amma dukansu sun ci abinci da abin da suka koyo.

Abubuwan da suka sake

Tsanin da Ujiri ya hau ya sake kama. A 2018 NCAA ta buɗe wani rajista na intanet inda ɗan wasan da ke son barin jami'arsa zai rubuta sunansa, a 2021 kuma ta yarda ya koma wata jami'a ya fara wasa nan take, ba sai ya zauna shekara guda ba kamar da. Wannan ya rage wa ƴan ƙananan kwalejoji kasuwa, domin mai horarwar da ke neman ƙwararre yana iya ɗauko wanda ya riga ya buga wa wata babbar jami'a. A ɗaya gefen kuma, yaran lise da suka rasa gurbi saboda wannan dalili sun ƙara kwarara zuwa ƙananan kwalejoji, gasar ta ƙara zafi.

Cikin watan Yuli na 2021 aka halatta wa ɗaliban su karɓi kuɗin talla da sunansu. Cikin watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan ƴan wasansu kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyan 20 da rabi ga kowace jami'a a shekarar farko, aka kuma ƙayyade ƙungiyar ƙwallon kwando ga mutum 15. Sai dai ɗalibin da ya shiga da bizar karatu doka ta taƙaita masa aikin neman kuɗi a cikin Amurka, saboda haka rabon baƙo a wannan sabon arziki yana da sarƙaƙiya. Batun shekarun ƙaramar kwaleji ma ya je gaban alƙali: a Disamba 2024 wata kotu a jihar Tennessee ta ba wani ɗan wasa mai suna Diego Pavia gaskiya ta wucin gadi, cewa kada a lissafa masa shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji, abin da ya sa NCAA ta ƙara wa ire-irensa shekara ɗaya.

Babban canjin da ya shafi ɗan Nijar shi ne na biza. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da ta dakatar da shigar ƴan ƙasarsu, ta kuma taƙaita bizar ɗalibai ga wasu ƙasashe maƙwabta, har da Nijeriya. Duk wanda ya zo wa uba da alkawarin kai ɗansa Amurka, tambayar farko da za a yi masa ita ce ta wace ƙofa.

Dillalan ƙarya

A kasuwar dabbobi ta Dakoro dillali sananne ne. An san gidansa, an san ubansa, in dabbar sata ce ko mai ciwo shi za a kama. Dillalin ƴan wasa da ke magana ta waya ba shi da gida a gari, ba shi da wanda zai tsaya masa. An sha samun yaran Afirka da aka kai Amurka da sunan makaranta, suka tarar babu aji babu malami, an cusa su su da yawa a ɗaki ɗaya, an karɓe fasfonsu. Wanda wasansa bai kai yadda ake zato ba sai a yasar da shi, ba takarda ba kuɗin komawa gida. A 2019 wata kotun tarayya a jihar North Carolina ta ɗaure shugabar wata makaranta mai zaman kanta a birnin Charlotte, saboda ta riƙa ba da takardun ɗalibta ga yara ƴan wasa daga ƙasashen waje waɗanda ba sa karatu a makarantarta.

Akwai alamun da uba zai gane gaskiya da su. Makarantar kirki tana aiko da takarda mai suna I-20, wadda da ita ake neman biza, kuma sunan makarantar da ke kan takardar shi ne na wadda yaron zai zauna a cikinta. Tana rubuta abin da za ta biya da abin da ya rage wa iyaye, dalla-dalla. Tana neman takardun makin yaro na lise da shaidar jarrabawar Ingilishi kafin ta yi maganar tafiya. Mai horarwa na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun iyaye domin ya ba yaro gurbi. Wanda ya ce a sayar da shanu ko gona a aiko masa cikin gaggawa kada dama ta wuce, wannan ya nuna kansa.

Rage shekaru ma wani rami ne. A karkarar ƙasar nan mutane da yawa ba a yanka musu takardar haihuwa ba, sai daga baya alƙali ya ba su takardar da ke cewa an haife su wajen shekara kaza. Dillali yakan ga dama a nan, ya ce a mai da ɗan shekara 21 ɗan 17. Hukumomin wasa na can suna bin takardun yaro tun daga ajin farko, in sun ga saɓani sai su hana shi wasa, tallafin ya tafi, bizar ta mutu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai kuma lissafin da ya kamata kowane yaro ya ji tun da wuri. NBA tana zaɓen mutum 60 ne kawai a shekara daga duniya baki ɗaya. Cikin ƴan wasan jami'o'in Amurka da suka isa shiga zaɓen, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran, abin da ke hannunsu ranar da ƙafa ta gaji shi ne takardar shaidar karatu.

Matakan da ke kusa da gida

Hanyar ba ta Amurka kaɗai ba ce, kuma matakanta na farko sun matso Afirka. Hakeem Olajuwon, wanda ya bar Legas a 1980 zuwa jami'ar Houston ya kuma ci kofin NBA a 1994 da 1995, ya tafi ne a zamanin da sai an yi sa'a wani ya gan ka. Tun 2003 NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, suke tara zaɓaɓɓun yaran nahiyar a wani sansani na shekara-shekara wanda aka fara a Johannesburg. Ta nan Joel Embiid ya bi a 2011, Siakam a 2012. A garin Thiès na Sanagal akwai makarantar SEED da Amadou Gallo Fall ya assasa, wadda ta fitar da Gorgui Dieng. A 2017 NBA ta buɗe makarantarta ta Afirka a Sanagal, wadda ta zauna a garin Saly. Daga can Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya shiga jami'ar Duke a 2024, aka zaɓe shi na goma a 2025. A Mayu 2021 aka fara gasar ƙwararru ta Afirka, BAL, a Kigali da ƙungiyoyi 12, ƙungiyar Nigelec ta Yamai kuma ta buga wasannin share fagenta.

Masu zaɓen yaran waɗannan sansanoni suna bi ne ta hukumomin wasa na ƙasashe. Ma'ana, yaron Dakoro ba zai kai Saly ba sai an gan shi a Yamai, ba za a gan shi a Yamai ba sai ya buga a Maraɗi, ba zai buga a Maraɗi ba sai akwai fili da ƙwallo da mushen motsa jiki a kwalejinsa. Nijar ta riga ta ga amfanin dogon yaro da ya faɗa hannun masu horo na ƙwarai: Abdulrazak Isufu Alfaga ya kawo lambar azurfa ta tekwando daga Rio a 2016, shekara 44 bayan tagullar da Isaka Dabore ya ciwo a damben Munich a 1972, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Aikin da ke gaban hukumomin gunduma da magadan gari da shugabannin makarantu ba ya bukatar jiran baƙo. Filin ƙwallon kwando daɓen siminti ne da ƙarfe biyu da allo biyu, yana shiga harabar kowace kwaleji, kuma maza da mata duk suna iya amfani da shi. Gasar makarantu tsakanin Dakoro da Kornaka da sauran garuruwa, in an tsayar mata da lokaci kowace shekara kamar yadda aka tsayar wa kokowa, ita ce za ta fitar da waɗanda za a kai Maraɗi, inda jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo take. Yanka wa jariri takardar haihuwa cikin kwanakin da doka ta tsara yana rufe ƙofar rage shekaru tun kafin a buɗe ta. Darasin Ingilishi da ake farawa a ajin farko na kwaleji ya cancanci a riƙe shi da muhimmanci, balle ma dokar ƙasa ta 2025, wadda ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Makarantu kuma su adana takardun makin ɗalibai na kowace shekara da kyau, domin su ne abin da kowace jami'a, ta gida ko ta waje, za ta fara tambaya.

Ga iyaye, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka iya karanta wasiƙa da kansu, nauyin ya fi sauƙi a faɗa. Duk takardar da aka kawo game da tafiyar yaro, a karanta ta, a kai wa shugaban makarantarsa da ma'aikacin matasa da wasanni na gunduma su duba, a kuma tambayi hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a Yamai ko ta san mai maganar. Kada a cire yaro daga aji saboda ƙwallo kafin ya sami BEPC da BAC, domin ƙaramar kwalejin ma ba ta karɓar wanda bai gama lise ba. Yarinya mai tsawo da ƙwazo ita ma a bar ta ta yi wasa a makaranta, tun da jami'o'in suna ba mata irin tallafin da suke ba maza.

Ɗan kokowar da aka kai Maraɗi aka ka da shi yakan dawo ƙauye ya tarar da gonarsa. Yaron da ya bi ƙwallon kwando shi ma ya kamata a tanadar masa abin da zai tarar in ya dawo, kuma a wannan wasa takardar makaranta ce gonar.